Safe ko Yamma: Tasirin Lokacin Motsa Jiki a Kan Ƙarfin Jikin Yara da Matasa

A cikin ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2020, an shawarci duk yaron da yake tsakanin shekara 5 zuwa 17 da ya riƙa samun aƙalla minti 60 na motsa jiki a kowace rana idan aka raba lissafin a kan mako, irin motsin da yake ƙara bugun zuciya ya kuma sa numfashi ya yi sama, sannan a cikin makon a samu kwana uku da zai yi wasa mai tsanani da kuma wanda yake ƙarfafa tsoka da ƙashi. Ƙa'idojin sun faɗi yawan mintuna, sun faɗi irin motsin da ake so, amma ba su ware wata sa'a ta yini suka ce ita ce ta fi ba. Wannan shirun ne ya bar iyaye da malamai da masu horar da 'yan wasa suna tafka mahawara, wasu na cewa babu kamar sammako, wasu kuma na cewa jikin yaro ba ya sakewa sai rana ta karkata. Kowane ɓangare yana da abin da ya dogara da shi, sai dai idan aka bi hujjojin a tsanake za a tarar cewa sa'ar da yaro ya motsa jikinsa tana da tasiri ne ta hanyoyin da ba su ne aka fi ambata ba.

Masu bincike suna auna ƙarfin jikin yaro ta fuskoki da dama. Juriyar zuciya da huhu akan gwada ta ne da gudu tsakanin layi biyu masu tazarar mita 20, inda yaro yake kai-komo yana bin wata ƙara da take ƙara sauri kowane minti har sai ya kasa cim mata. Ƙarfin tsoka kuwa akan auna shi ta matse wata na'ura da hannu, ko ta nisan tsallen da yaro zai yi daga tsaye. Akan haɗa da auna yawan kitsen da ke jiki. Daga cikin waɗannan, juriyar zuciya da huhu ce ta fi damun likitoci, domin yaron da ya tashi da rauni a nan ya fi fuskantar hawan jini da ciwon sukari da cututtukan zuciya idan ya girma. Kuma ita ce take ta raguwa. A shekarar 2013, Grant Tomkinson na Jami'ar Kudancin Ostareliya ya gabatar da sakamakon tattara bincike 50 da aka gudanar tsakanin 1964 da 2010 a kan yara fiye da miliyan 25 a ƙasashe 28, wanda ya nuna cewa yaron wancan lokacin yana buƙatar ƙarin kusan minti ɗaya da rabi kafin ya gama gudun mil ɗaya idan aka kwatanta shi da tsaransa na shekaru 30 kafin nan. Saboda haka duk abin da zai taimaka wajen dawo da wannan juriya, har da zaɓen lokaci, ya cancanci a dube shi da idon basira.

Dalilin da ya sa ake zaton lokaci yana da tasiri shi ne jikin ɗan Adam yana da agogonsa na ciki. A can cikin ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suke gicciye juna, akwai wani ɗan tarin ƙwayoyin jijiya kimanin 20,000 waɗanda aikinsu shi ne riƙe lissafin dare da rana, kuma hasken da yake shiga ido shi ne yake saita su kullum. Bayan wannan babban agogo, tsoka da hanta da sauran sassan jiki suna da nasu ƙananan agogunan da suke bin umarninsa. Gano yadda wannan tsari yake aiki a cikin ƙwayar halitta ne ya sa aka bai wa Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci a shekarar 2017. Abin da ya shafi batunmu a nan shi ne zafin cikin jiki, wanda yake sauka ƙasa sosai wajen ƙarfe huɗu zuwa biyar na asuba, ya riƙa hawa a hankali har ya kai ƙololuwa da yammaci. Bambancin bai cika wuce digiri ɗaya ba, amma ya isa ya sa tsoka ta fi saurin tsukewa da sakewa, saƙo ya fi saurin bin jijiya, gaɓoɓi kuma su fi laushi. Wannan ne ya sa idan aka gwada yaro ɗaya da ƙarfe bakwai na safe aka sake gwada shi da ƙarfe biyar na yamma, yawanci tsallensa da gajeren gudunsa da ƙarfin damƙarsa sukan fi kyau da yamma. A fannin juriyar dogon gudu bambancin bai fito fili kamar haka ba.

A nan ne mutane da yawa suke yin tuntuɓe, domin suna ɗaukar cewa tunda jiki ya fi taɓuka abin kirki da yamma, to horon yamma ne zai fi gina shi. Waɗannan abubuwa biyu ne daban. Mota takan fi saurin tashi idan injinta ya ɗumama, amma ɗumin bai ƙara wa injin girma ba. Abin da yake gina zuciya da tsoka shi ne nauyin da ake ɗora musu a kai a kai har tsawon makonni da watanni, tare da hutun da suke samu su gyara kansu tsakanin wannan horo da na gaba. Da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan manya, inda aka raba mutane gida biyu, wasu suna ɗaga ƙarfe da safe wasu da yamma, an tarar ƙaruwar ƙarfi da girman tsoka kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Abin da ya fi fitowa shi ne jiki yana sabawa da sa'ar da aka saba horar da shi, ta yadda wanda ya daɗe yana atisaye da safe, gibin da ke tsakanin ƙoƙarinsa na safe da na yamma yakan ragu. Masu bincike a Tunisiya sun ga irin wannan sabo a kan yara maza 'yan shekara 10 zuwa 11. Amfanin wannan sani ga mai horar da yara a bayyane yake: idan gasar da ake shiryawa da safe za a yi ta, ya dace wani ɓangare na atisayen ya kasance da safe. Ga yaron da ba gasa ce a gabansa ba, lafiya kawai ake nema masa, wannan bambanci ƙarami ne ƙwarai.

Inda lokaci yake da nauyi na gaske shi ne inda ya haɗu da barci, kuma a nan dole a raba yaro ƙarami da matashi, domin agogonsu ba ɗaya ba ne. Yaron firamare a ɗabi'arsa mai kwanciya da wuri ne, mai tashi da wuri. Da zarar balaga ta kankama sai agogon ya fara ja baya. Mary Carskadon ta Jami'ar Brown a Amurka ta shafe shekaru tana nazarin wannan, kuma ayyukanta sun nuna cewa sinadarin melatonin, wanda yake sanar da jiki cewa dare ya yi, yakan makara wajen fitowa a jikin matashi, sannan gajiyar da take taruwa a yini har ta kai mutum ga barci tana taruwa a hankali fiye da yadda take yi a jikin ƙaramin yaro. A shekarar 2004, Till Roenneberg na Jami'ar Munich a Jamus ya nuna cewa wannan ja da baya yana ci gaba har zuwa wajen shekara 19 da rabi ga mata da kuma 21 ga maza, daga nan sai ya fara dawowa. Ma'ana, matashin da idonsa yake ƙyam da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, kuma ake fama da shi kafin ya tashi da ƙarfe shida, sau da yawa ba lalaci ne yake damunsa ba. Waya da kwamfuta suna ƙara dagula lamarin, amma tushensa yana cikin halittar jikin.

Yanzu a ɗora wannan a kan yawan barcin da ake buƙata. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawara a shekarar 2016 cewa yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12, matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Matashin da barci bai ɗauke shi ba sai ƙarfe goma sha ɗaya, idan aka tashe shi da ƙarfe biyar domin atisayen ninƙaya ko gudu kafin makaranta, awa shida kawai ya samu. Abin da aka yanke masa kuwa yana da tsada, domin a cikin barci ne jiki yake gyara tsokar da horo ya gajiyar, kuma mafi yawan sinadarin da yake sa girma a lokacin barci mai nauyi yake fitowa. Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2014 a kan ɗaliban sakandare 'yan wasa a birnin Los Angeles ya gano cewa waɗanda suke barcin ƙasa da awa takwas sun ninka sauran sau 1.7 wajen yiwuwar jin rauni. A ganina wannan shi ne babban kuskuren da ake tafkawa da sunan tarbiyya da horo: a ƙara wa matashi awa ɗaya ta gudu ta hanyar sace masa awa ɗaya da rabi ta barci, sannan a yi mamakin yadda ƙoƙarinsa ya tsaya cik, ko yadda yake gyangyaɗi a aji. Damuwa da barcin matasa ce ta sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta nemi a shekarar 2014 da kada makarantun sakandare su fara darasi kafin ƙarfe takwas da rabi, jihar Kalifoniya kuma ta mayar da hakan doka ga manyan makarantun sakandare, dokar da ta fara aiki a 2022.

Wannan ba ya nufin motsin safe abin gudu ne ga matashi. Akasin haka ma, tafiya a ƙasa ko hawan keke zuwa makaranta a cikin hasken safiya yana daga cikin abubuwan da suka fi taimaka masa, saboda hasken safe yana jawo agogon jiki gaba, ya sa barci ya zo da wuri a daren da zai biyo baya. Shi kansa motsa jiki yana iya matsar da agogon. Shawn Youngstedt da abokan aikinsa na Jami'ar Jihar Arizona sun nuna a shekarar 2019 cewa motsa jiki da ƙarfe bakwai na safe, ko tsakanin ƙarfe ɗaya zuwa huɗu na rana, yana jawo agogon gaba, yayin da wanda aka yi tsakanin ƙarfe bakwai zuwa goma na dare yake tura shi baya. A kan manya aka yi wannan gwaji, amma darasinsa ya fi shafar matashi, wanda agogonsa da ma ya riga ya makara. Bambancin da ya kamata a kiyaye shi ne tsakanin motsin da ake yi bayan an gama barci an tashi, da horon da ake katse barci dominsa.

Batun motsa jiki da dare shi ma yana buƙatar adalci, domin an daɗe ana tsoratar da mutane da shi fiye da kima. Masu bincike a birnin Zurich sun tattara gwaje-gwaje 23 a shekarar 2019 suka tarar cewa motsa jiki da yamma ko farkon dare ba ya lalata barci, sai fa idan mai tsanani ne kuma an gama shi ƙasa da awa ɗaya kafin kwanciya. Dalilin a fili yake, domin barci yana zuwa ne tare da saukar zafin jiki da lafawar bugun zuciya, kuma wanda ya gama wasan ƙwallo yanzu yana buƙatar lokaci kafin waɗannan su sauka. Matsalar matashin da ƙungiyarsa take atisaye da ƙarfe tara na dare ta wuce gudun da ya yi. Akwai hasken fitilun filin, akwai tafiyar komawa gida, akwai cin abinci a makare da aikin makaranta da yake jiransa, waɗanda duk suke haɗuwa su kai shi tsakar dare. Kuma abin takaici, a wuraren da filin wasa ko ɗakin motsa jiki ya yi ƙaranci, ƙananan yara akan bai wa sa'o'in farko, a bar wa matasa na ƙarshe.

Ko a cikin tsara ɗaya ma mutane sun bambanta. A shekarar 2015, Elise Facer-Childs da Roland Brandstaetter na Jami'ar Birmingham a Ingila sun gwada 'yan wasa a sa'o'i daban-daban na yini, suka ga cewa masu ɗabi'ar tashi da wuri sun fi ƙoƙari wajen tsakar rana, masu ɗabi'ar makara kuma sai wajen ƙarfe takwas na dare, kuma a wajen waɗannan na biyun bambancin da ke tsakanin sa'arsu mafi kyau da mafi muni ya kai kashi 26 cikin ɗari. Abin da ya fi bayyana ƙoƙarin ɗan wasa shi ne awa nawa suka wuce tun da jikinsa ya farka, fiye da abin da agogon bango yake nunawa. Malamin da yake gwada juriyar ɗalibai a darasin farko na safiya ya kamata ya san cewa wasu daga cikinsu yana auna barcin da ke idonsu ne tare da ƙarfinsu.

Akwai kuma wani nau'in bincike da yake yawan fitowa a labarai, wanda ake ɗaura wa ɗaruruwan yara wata ƙaramar na'ura a ƙugu ko a wuyan hannu har tsawon mako guda tana rubuta motsinsu minti bayan minti, sannan a kwatanta ƙarfin jikin masu yawan motsi da safe da na masu yawan motsi da yamma. Irin wannan bincike yana da amfani, amma karanta shi yana buƙatar taka-tsantsan, domin yana nuna abubuwan da suke tafiya tare ne kawai, ba ya iya tabbatar da wanne ne ya haifar da wanne. Idan aka tarar yaran da suke yawan motsi bayan an tashi daga makaranta sun fi juriya, mai yiwuwa ne saboda a lokacin ne ƙungiyoyin wasanni suke atisaye, kuma yaran da suke da ƙarfi tun farko su ne suka fi shiga ƙungiya. Idan kuma masu motsin safe ne suka fi, mai yiwuwa su ne masu zuwa makaranta a ƙasa ko a keke, masu kwanciya da wuri, masu karya kumallo, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai iya zama dalili. Shekaru, da matakin balaga, da halin tattalin arzikin gida, da yanayin shekara duk suna shiga ciki. Sannan sa'ar da yaro ya fi motsi galibi ba shi ya zaɓa ba, jadawalin makaranta da aikin iyaye ne suka zaɓa masa.

Wannan batu na ƙarshe shi ne ya kai mu ga inda nake ganin ya kamata hankali ya fi karkata. A shekarar 2019 masu bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya sun wallafa nazari a kan ɗalibai miliyan 1.6 'yan shekara 11 zuwa 17 a ƙasashe 146, inda suka tarar kashi 81 cikin ɗari ba sa cika minti 60 ɗin nan a rana, kashi 85 a cikin 'yan mata da kashi 78 a cikin samari. Ga yara huɗu cikin kowane biyar, tambayar da take gabansu ita ce ko akwai wata sa'a ma da aka keɓe domin motsi, kuma ko za ta dawwama. Shirye-shiryen da suka yi nasara sun yi ta ne a sa'o'i mabambanta. A Jami'ar Illinois, Charles Hillman ya jagoranci gwajin da aka wallafa a 2014, wanda aka sa yara 'yan shekara 7 zuwa 9 a cikin shirin wasanni na bayan makaranta har tsawon wata tara, kuma juriyarsu da iya tattara hankalinsu sun fi na waɗanda ba a sa ba. A garin Stirling na Sikotlan kuwa, shugabar wata makarantar firamare mai suna Elaine Wyllie ta fara fitar da ɗalibanta a shekarar 2012 suna gudu ko sassarfa na minti 15 kullum a tsakiyar lokacin karatu, a duk sa'ar da malamin aji ya ga ta dace, ba tare da sauya kaya ba, kuma daga baya dubban makarantu a ƙasashe da dama suka ɗauki tsarin. Abin da ya haɗa shirye-shiryen biyu shi ne an ɗaure motsin a jikin jadawalin da yaro ba ya tsallakewa. Ga 'yan mata wannan ya fi muhimmanci, domin sa'o'in bayan faɗuwar rana da filayen da babu kulawa sukan rufe musu ƙofa fiye da yadda suke rufe wa maza, kuma lokacin makaranta shi ne wanda kowa yake da rabo a cikinsa.

Yanayi ma yana da ta cewa, kuma wani lokaci hukuncinsa ya fi na agogon jiki ƙarfi. A lokacin tsananin zafi, gudu da tsakar rana yana iya kai yaro ga galabaita ko suma, don haka dole a mayar da wasa mai tsanani zuwa safiya ko bayan rana ta yi sanyi, a kuma yawaita hutu da shan ruwa. Yaro mai ciwon asma yakan fi shan wahala a cikin iska mai sanyi da bushewa, irin ta sassafe a lokacin hunturu. A manyan birane hayaƙin motoci yakan yi yawa a gefen titi a sa'o'in tafiya aiki da dawowa.

Akwai wani lokaci da hujjar kimiyya a kansa ta fi ta safe da yamma ƙarfi nesa ba kusa ba, wato shekarun da ƙashi yake ginuwa. Wani dogon nazari da aka yi a lardin Saskatchewan na Kanada, wanda aka bi yara shekara da shekaru ana auna ƙasusuwansu, ya nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ma'adinan da ke ƙashin babban mutum yana taruwa ne a cikin shekaru biyu kacal, wajen shekara 12 da rabi ga 'yan mata da wajen 14 ga samari, kuma yaran da suka fi motsi a wannan tsakanin sun fi tara shi. Tsalle da gudu da wasannin da ƙafa take dira a ƙasa su ne suke sa ƙashi ya yi kauri, kuma abin da aka rasa a waɗannan shekaru yana da wuyar ramawa daga baya. Sai ga shi a daidai wannan lokaci ne motsin matasa yake faɗuwa, da kimanin kashi 7 cikin ɗari a kowace shekara bisa nazarin da ya tattara binciken da aka bi matasa tsawon lokaci, kuma a daidai lokacin ne karatu yake ƙara nauyi, jarrabawa take matsowa, darasin motsa jiki kuma ya zama na farkon da ake sadaukarwa idan ana neman ƙarin sa'a a jadawali. Makarantar da take son kare ƙashin ɗalibanta 'yan shekara 11 zuwa 15 za ta iya sa darasin da hantsi ko bayan azahar, gwargwadon yanayi da filin da take da shi, muddin ba ta soke shi ba kuma ba ta matsar da shi zuwa sa'ar da za ta tilasta musu tashi kafin barcinsu ya cika.